Ta yaya aka san nisan tauraro da shekarun kifi, alhali ba wanda ya je, ba wanda ya ƙirga?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Tambayoyi uku ne da ni, amma ina ganin tushensu ɗaya. Na farko, ana cewa tauraro kaza yana nisan shekarar haske kaza (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci cikin shekara guda), to wa ya kai igiyar awo can? Na biyu, in kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka dai ana ninkawa, ai ba a jima ba lissafin zai wuce yawan mutanen duniya. Ina kuskuren yake? Na uku, an ce akwai kifin da ya shekara 400 a teku. Wa ya ga haihuwarsa? Ba adadin nake nema ba, hanyar da aka bi nake so a nuna mini.

Malam Hangen Nesa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki ta farko.

Miƙa hannunki gaba ɗaya, ki ɗaga babban yatsa, ki saita shi da wani abu mai nisa. Rufe idon hagu, sannan ki buɗe shi ki rufe na dama. Za ki ga yatsan ya yi tsalle gefe. Ba yatsan ne ya motsa ba, wurin da kike dubawa ne ya sauya. Tsakanin idanun baligi akwai wajen santimita 6 da ɗoriya, daga ido zuwa yatsa kuma wajen santimita 60, wato kusan ninki 10. Saboda haka in yatsan ya tsallake faɗin ƙofa mai mita 1, ƙofar tana nisan wajen mita 10. Wannan gocewar ita ake kira faralas, kuma da ita ake auna taurari na kusa.

Ga tauraro, tazarar idanu ba ta isa komai ba. Sai aka yi amfani da zagayen da duniya take yi wa rana. Tsakanin duniya da rana wajen kilomita miliyan 150 ne. In an ɗauki hoton tauraro yau, aka sake ɗauka bayan wata 6, duniya ta koma ɗaya gefen rana, an samu "idanu" biyu masu tazarar kilomita miliyan 300. Sai a duba yadda tauraron ya goce idan aka kwatanta shi da taurarin da ke can bayansa nesa ƙwarai. Rabin wannan gocewa shi ne faralas ɗinsa.

Ana auna ta da sakan na kusurwa, wato digiri 1 a raba shi gida 3,600. Sakan 1 daidai yake da ka hango abu mai faɗin santimita 2 daga nisan kilomita 4. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: raba 1 da faralas, sai a sami nisa a ma'aunin fasek, fasek 1 kuma shekarar haske 3.26 ce. Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, faralas ɗinsa sakan 0.768 ne. Raba 1 da 0.768 ya ba da 1.30, sau 3.26 ya ba da shekarar haske 4.24. Shi ke nan.

Injiniya:
Allah ya gafarta malam, bayanin ya fita, amma ka sa abin ya yi kama da aikin yini guda. Tun zamanin Girkawa an san cewa in duniya tana tafiya, dole taurari su goce. Sai a 1838 Friedrich Bessel ya fitar da awo na farko da aka amince da shi, kan tauraron 61 Cygni. Me ya hana a baya? Abubuwa huɗu ne suke ɓata aikin.

Iska. Iskar da ke sama da mu tana motsi, zafinta ba ɗaya ba, tana lanƙwasa haske. Shi ya sa taurari suke ƙyafta. Wannan kaɗai yana baza hoton tauraro da wajen sakan 1, wanda ya fi faralas ɗin kowane tauraro girma. Maganinsa shi ne maimaita awo sau da yawa a ɗauki matsakaici.

Tauraron ma tafiya yake. 61 Cygni yana matsawa fiye da sakan 5 a kowace shekara. Wannan tafiya miƙaƙƙiya ce, faralas kuwa kai-komo ne na shekara-shekara, don haka sai an bi tauraro fiye da shekara guda kafin a raba su. Saurin tafiyar tasa ma shi ya sa Bessel ya zaɓe shi, don abin da ke gudu a sama haka da alama yana kusa.

Na uku shi ya fi ba ni sha'awa. James Bradley ya zauna neman faralas, sai ya tarar tauraronsa yana gocewa da wajen sakan 20, amma ba a watannin da ya kamata ba. A 1729 ya bayyana dalili: gudun duniya ne, wajen kilomita 30 a sakan, yake karkatar da hasken da ke shigowa, kamar mai gudu cikin ruwan sama da yake karkata lemarsa gaba ko da ruwan tsaye yake sauka. In ba a cire wannan ba, awo ya lalace tun daga tushe.

Na huɗu na'urar ce kanta. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, kuma zafi da sanyi su ma shekara-shekara suke juyawa, daidai da abin da ake nema. Wannan shi ne mugun kuskure, don yana kama da amsa.

Bessel ya sami faralas na sakan 0.314, wanda ya ba da shekarar haske 10 da 'yan kai. Awon yau ya ba da 11.4. Da kayan aikin wancan lokaci, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode. To amma in tauraro ya yi nisan da gocewar ba ta ganuwa fa?

Malam Hangen Nesa:
Da farko an fita daga cikin iskar. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba na'urorin auna taurari zuwa sama: Hipparcos a 1989, sannan Gaia a Disambar 2013. Gaia ta auna faralas na taurari fiye da biliyan 1, ga masu haske kuma daidaiton ya kai wajen kashi 20 zuwa 30 cikin miliyan na sakan. Duk da haka ita ma tana da ɗan karkata. An gano shi ne ta hanyar duba kwaza, waɗansu abubuwa masu nisan da faralas ɗinsu ya kamata ya zama sifili. Da aka ga na'urar ba sifili take ba su ba, sai aka san abin da za a gyara.

Misali mai kyau shi ne Kaza da 'Ya'yanta. Hipparcos ta ce tarin taurarin nan yana nisan fasek 120 ko ƙasa kaɗan, sauran hanyoyi suna cewa wajen 135. An shekara fiye da 10 ana ja-in-ja. A 2014 aka auna da manyan faifai masu kama siginar rediyo daga sama, masu nisa da juna, aka sami 136, Gaia ta zo ta tabbatar. Wato wajen shekarar haske 444. Hipparcos ce ta yi kuskure a nan.

In faralas ta gaza, sai a koma ga haske. Fitila in ta ninka nisa, haskenta yana komawa kashi 1 cikin 4. In ya ninka sau 3, kashi 1 cikin 9. To in kin san ainihin ƙarfin fitilar, kin kuma auna abin da ya iso, kin san nisa. Matsalar ita ce sanin ainihin ƙarfin. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna cewa wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, waɗanda ake kira Sefid, tsawon lokacin bugunsu yana tafiya da ƙarfinsu: mai jinkirin bugu ya fi ƙarfi. Taurari 25 ta yi aikin da su, duka a cikin tari ɗaya, don haka nisansu kusan ɗaya ne. Sai a auna wasu Sefid na kusa da faralas, a sami ma'auni, a ɗora shi kan na nesa. Da haka Edwin Hubble ya gano Sefid a Andromeda, wani babban tarin taurari, a 1923, ya nuna ba a cikin namu tarin taurarin take ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, ka faɗi sauran mana. Hubble ya ce nisan Andromeda wajen shekarar haske dubu 900 ne. Yau ana cewa miliyan 2.5. A 1952 Walter Baade ya nuna cewa Sefid iri biyu ne, ƙarfinsu ba ɗaya ba, an auna da wani iri an ɗora kan wani. Ga kuma ƙurar da ke tsakanin taurari, tana dusashe haske, sai abu ya yi kamar ya fi nisa. Tsani ne: in matakin ƙasa ya karkace, duk na sama sun karkace tare da shi. Saboda haka nake ganin bai kamata a riƙa faɗin nisan abu mai nisa ba tare da faɗin iyakar kuskurensa ba.

Mai Karatu Shiru:
Tambaya a gefe. Gaskiya ne taurarin da muke gani da dare duk sun mutu tuntuni?

Malam Hangen Nesa:
A'a ɗan'uwa, an zuzuta maganar. Gaskiya ne abin da ya wuce muke gani: hasken rana yana ɗaukar minti 8 da sakan 20, na tauraron Sirius shekara 8.6. Amma yawancin taurarin da ido ke gani ba su wuce shekarar haske ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai ba, alhali tauraro mafi gajeren rai yana shekara miliyoyi. Damar a ce ya mutu cikin wannan 'yar tazara ƙanƙanuwa ce. Tauraron Betelgeuse ya dusashe a ƙarshen 2019 har aka yi ta cewa zai fashe, ashe ƙura ce ya fesar ta tare haskensa. Zara kuwa ba tauraro ba ce ma, duniya ce mai zagaya rana, haskenta minti kaɗan yake yi a hanya.

Hajiya Mai Lissafi:
Bari in shiga ta kakanni, don ita ce tawa.

Lissafinki daidai ne 'yata. In iyaye ne hawa na 1, kakanni hawa na 2, to hawa 10 baya, gurbi 1,024. Hawa 20, gurbi 1,048,576. Hawa 30, gurbi 1,073,741,824. In an ɗauki kowane hawa shekara 27, hawa 30 wajen shekara 800 ke nan, lokacin da mutanen duniya duka ba su kai rabin biliyan ba. Hawa 40 ya wuce tiriliyan 1, wanda ya ninka duk mutanen da aka ƙiyasta sun taɓa rayuwa kusan sau 10.

Ki lura na ce gurbi, ban ce mutum ba. Nan ne amsar take. Mutum ɗaya yana cike gurbi da yawa. Ɗauki misali mafi sauƙi: namiji ya auri 'yar ƙanin mahaifinsa. Su biyun kakanni biyu suka haɗa su. Ɗan da za su haifa yana da gurbi 8 a hawa na uku, amma mutane 6 ne a ciki, don biyu sun fito sau biyu. Duk wanda ke bayan waɗannan biyun shi ma sau biyu zai fito, har abada. Kashi 1 cikin 4 na reshen ya ruɓanya ke nan daga aure guda.

Ba sai dangi na kusa ba. Ma'aurata da suka haɗa kaka a hawa na 8 ba za su taɓa sani ba, amma lissafi ya sani. Saboda haka bishiyar kakanni ba faɗaɗa take ta yi ba iyaka: tana buɗewa, ta kai wani faɗi, sannan ta fara tsukewa. Misalin da ya kai maƙura shi ne Sarki Charles na Biyu na Sifaniya, wanda ya rayu daga 1661 zuwa 1700. Mahaifinsa kawun mahaifiyarsa ne, kuma an daɗe ana irin wannan aure a gidan. Da aka lissafa ma'aunin maimaituwar gadonsa an sami 0.254, ya ɗan ɗara 0.25 da ake samu ga wanda iyayensa wa da ƙanwa ne.

Wani abin da ke biyo baya: a 1999 Joseph Chang ya nuna da lissafi cewa a al'ummar da ke auratayya ba shinge, ba a nisa ake samun mutumin da kowa ya fito ta tsatsonsa. In aka ƙara komawa baya kaɗan, sai a kai lokacin da duk mai rai a zamanin, ko dai kakan kowa ne a yau, ko kuma ba shi da zuriya ko ɗaya. A 2004 shi da abokan aikinsa suka saka teku da duwatsu da ƙaura a cikin lissafin, suka sami 'yan dubban shekaru kawai ga duniya baki ɗaya.

Injiniya:
Hajiya, a nan ina da ja. Wannan na 2004 ba awo ba ne, kwaikwayo ne a kwamfuta, kuma amsar ta dogara da yawan ƙaurar da aka zaci an yi tsakanin nahiyoyi. Al'umma ɗaya da ta rayu a keɓe gaba ɗaya ta isa ta tura adadin baya sosai.

Hajiya Mai Lissafi:
Na yarda da rabi. Adadin shekarun ƙiyasi ne, kada a riƙe shi kamar awon Proxima. Amma ka duba yadda ninki yake aiki: baƙo ɗaya tak da ya shiga wata al'umma ya bar zuriya mai ɗorewa, bayan hawa 20 ko 30 ya zama kakan kowa a cikinta, kuma duk kakanninsa sun shigo tare da shi. Ba a buƙatar ƙaura mai yawa. Keɓewa ta gaskiya, wadda ko mutum ɗaya bai ratsa ba cikin dubban shekaru, ita ce mai wuyar samu.

Dakta Ƙwayar Halitta:
Ku ba ni wuri in raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: kakan da ke cikin salsala daban, kakan da ka gaji wani abu a jikinsa daban.

Mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshin DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, 23 daga uwa, 23 daga uba. Amma uwa ba ta miƙa wanda ta gada daga mahaifinta ko mahaifiyarta yadda yake. Kafin a yi ƙwai ko maniyyi, kowane biyu masu kama suna haɗuwa su yi musayar yanki. A hawa ɗaya, in an haɗa na uwa da na uba, ana samun wajen yanka 70, na mace ya fi na namiji yawa. To yankunan gadonka ƙaruwa suke da wajen 70 a kowane hawa, kakanni kuwa ninkawa suke. A hawa na 10 kana da yanki wajen 750, gurbi kuma 1,024. Ko da an raba ɗaya-ɗaya bai isa ba, balle ba a raba daidai. Saboda haka da yawa daga kakanninka na hawa na 10 ba ka ɗauke da komai nasu. A hawa na 20, yanki wajen 1,450 ne a kan gurbi fiye da miliyan.

Haka abin yake a gefe. 'Ya'yan wa da ƙani suna tarayya a matsakaicin kashi 12.5 cikin 100. 'Ya'yansu, wajen kashi 3. Jikokinsu, ƙasa da kashi 1, har wajen 1 cikin 10 na irin waɗannan gwaji ba ya nuna sun haɗa komai. Rashin samun alaƙa a gwaji ba hujja ba ce cewa salsala ƙarya ce, in dangantakar ta yi nisa. In kuwa ta kusa ce, kamar uba da ɗa, gwajin ba ya kuskure irin wannan.

Abu biyu ne ba sa narkewa haka. Kuromosom Y, daga uba zuwa ɗa namiji. Da kuma DNA na maitokondiriya, ɓangaren ƙwayar jiki mai samar da ƙarfi, mai harafi 16,569, wanda uwa ke ba 'ya'yanta duka amma mata kaɗai ke wucewa da shi. Suna kai mutum nesa ƙwarai, sai dai kowanne layi ɗaya ne tak. A hawa na 10, layi 2 cikin 1,024. Wanda ya ce gwajin Y ya nuna masa "asalinsa" ya duba reshe ɗaya ne ya bar dajin.

Ɗalibar Kimiyya:
Dakta, to kason da kamfanonin gwaji suke bayarwa, kashi kaza daga ƙasa kaza?

Dakta Ƙwayar Halitta:
Ana karɓar yawu, a ciro DNA, a karanta wurare wajen dubu 600 zuwa 700 da mutane suka fi bambanta a kansu, cikin harafi biliyan 3. Sai a yanka sakamakon gunduwa-gunduwa, a kwatanta kowace da ta mutanen da ke raye yau waɗanda aka tara a matsayin ma'auni. Ba da mutanen dā ake kwatantawa ba. Don haka in kamfani ya ƙara mutane a ma'auninsa, kasonki zai sauya alhali jikinki bai sauya ba, kamfani biyu kuma za su iya ba ki amsa biyu. Kuskuren ya fi yawa ga 'yan Afirka, don nahiyar ce ta fi kowace bambancin ƙwayar halitta, kuma ba a tattara samfurinta da yawa ba. Sashen da ke nuna dangi na kusa shi ne abin dogaro. Kason ƙasashe a ɗauke shi a matsayin kusa-kusa.

Ɗan Teku:
Saura kifi. Shi ne shak na Girinlan, mai zama a ruwan sanyi na arewacin Atilantika.

Kifi mai ƙashi ana ƙirga shekarunsa ne da wani ɗan dutse a cikin kunnensa, mai zobba kamar na kututturen itace. Shak ba shi da wannan, guringuntsi ne jikinsa, wannan nau'in kuma ko ƙashin bayansa ya yi laushin da ba ya ajiye zobe. Sai Julius Nielsen da abokan aikinsa suka koma ga ido, suka wallafa sakamakon a 2016. A cikin ido akwai ɓangaren nan mai kama da gilashi, wanda yana ke kamawa. Hawa-hawa yake girma kamar albasa, kuma furotin ɗin da ke tsakiyarsa tun kafin haihuwa aka gina shi, ba a sake shi. In aka ɓare hawayen har aka kai tsakiya, an sami abin da ya yi shekara ɗaya da kifin.

Daga nan sai kabon-14, wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da kansa a hankali. Hasken sararin samaniya mai ƙarfi yana bugun iska a sama, yana mai da naitirojin zuwa kabon-14, wajen ƙwaya 1 cikin tiriliyan na duk kabon. Tsiro ya sha, dabba ta ci. Abin da aka daina sabuntawa, kabon-14 ɗinsa yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Willard Libby ne ya kafa hanyar, ya karɓi kyautar Nobel a 1960.

Kifi 28 aka gwada, duk mata, daga santimita 81 zuwa 502. Mafi girman an ƙiyasta mata shekara 392, da kuskuren 120 sama ko ƙasa. Wato tsakanin 272 da 512. Masu yaɗa cewa an kama kifi mai shekara 512 iyakar sama suka ɗauka suka mai da ita amsa. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne aƙalla 272, kuma ko haka ya ishe ta zama mafi tsawon rai cikin masu ƙashin baya da aka sani. Ba sa ma isa haihuwa sai wajen shekara 150.

Injiniya:
Kuskuren 120 ya yi yawa. Me ya jawo?

Ɗan Teku:
Ka yi lissafin da kanka Injiniya. Cikin shekara 400, wajen kashi 5 cikin 100 kawai na kabon-14 ya ragu. Ma'aunin buhu ne aka auna ƙwayar gero da shi. Sannan yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba, daga wajen 1650 zuwa 1950 ya yi ta hawa da sauka, har awo ɗaya yana iya dacewa da shekaru uku mabambanta. Na uku, teku yana riƙe tsohon kabon. Ruwan ƙasa da ya daɗe bai taɓa iska ba yana tasowa, shi ya sa halittar teku mai rai yau take nuna kamar ta shekara wajen 400, adadin kuma yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Kabon ɗin idon ma daga abincin uwar ya fito, ba a san takamaiman inda ta yi kiwo ba.

Abin da ya taimaka shi ne gwaje-gwajen bam na nukiliya. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 sun kusa ninka kabon-14 na iskar arewacin duniya, alamar ta shiga teku. Kifi 3 mafi ƙanƙanta ne kawai suka nuna ta, mai tsawon santimita 220 shi ne a bakin farkonta. Ke nan mai mita 2 da 'yan kai ya riga ya shekara wajen 50, sauran 25 kuma duk sun girme shi. Da wannan, da kuma sharaɗin cewa mafi tsawo shi ne mafi tsufa, aka tsuke lissafin.

Ko ƙirgen zobe ma yana ruɗi. A 2006 an tsamo wata halitta mai ɓawo biyu, dangin dodon-koɗi, a tekun Aisilan. Aka ƙirga zobban da ke mahaɗin ɓawon aka ce shekara 405 zuwa 410. A 2013 aka sake ƙirgawa a bayan ɓawon, inda zobban suka fi sarari, aka sami 507. A mahaɗin sun matse har wasu sun haɗe.

Mai Karatu Shiru:
Tunda an shiga dabbobi: 'yar halittar nan da aka ce ba ta mutuwa ko a sararin samaniya fa?

Dakta Ƙwayar Halitta:
Tadigired. Tana mutuwa sarai. Yawanci ba ta kai milimita 1 ba, ƙafa 8 gare ta. In ruwa ya ƙafe a hankali, sai ta janye ƙafafu ta dunƙule, ruwan jikinta ya koma 'yan kashi kaɗan cikin 100, aikin jiki ya kusa tsayawa cak. A wannan halin ne aka fitar da su sararin samaniya na kwana 10 a 2007. Da yawa sun jure rashin iska, amma waɗanda hasken rana ya buga kai tsaye kusan duk sun mutu. An kuma farfaɗo da wasu a Japan bayan shekara 30 a daskare. In tana farke kuwa, an nuna wani nau'in rabinsu na mutuwa a zafin digiri 37 cikin yini guda.

Mai son gani: a ɓanɓaro busasshiyar gansakuka daga jikin itace ko bango, a jiƙa ta a ƙaramin faranti da ruwan sama, ba na famfo ba saboda sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. A bar ta awa 4 zuwa kwana guda, a matse ruwan, a jira minti 15 ya kwanta. A tsotso na ƙasan, a duba da madubin likita a ninki 20 zuwa 40, haske daga gefe, baƙin abu a ƙarƙashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne duba ruwan sama-sama, alhali nutsewa suke, da barin fitila ta ɗumama farantin.

Ɗan Teku:
Kada a manta da gaiwa, wadda dabararta ta fi ba ni mamaki don ita babba ce. In ruwa ya janye sai ta haƙa cikin laka, ta naɗe jiki, ta fitar da majina ta bushe ta zama kwanso, ta bar 'yar kafa a baki tana shaƙar iska da huhu. Maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce: tsokarta take ƙonawa. Ƙona tsoka kuwa yana haifar da ammoniya mai guba, wadda kifi ke zubarwa a ruwa, ita kuma ba ruwa. Sai hantarta ta mai da shi yuriya, ta tara a jiki har ruwa ya dawo ta zubar. Watanni take yi haka a dawa, a ɗakin gwaji kuma an ga ta wuce shekara 3. In kwanson ya tsage, bushewa take yi ta mutu.

Ɗalibar Kimiyya:
Malam Ɗan Teku, tambaya ta ƙarshe. Za a iya gwada dabarar idon nan a kan mutum?

Ɗan Teku:
An riga an yi, can ma aka fara kafin kifi. Masu binciken gawa a Denmak sun nuna a 2008 cewa tsakiyar gilashin idon mutum yana ba da shekarar haihuwa da kuskuren shekara 1 zuwa 2, ga wanda aka haifa bayan tsakiyar shekarun 1950. Daidaiton ya fi na kifi nesa ba kusa ba, don ba raguwar kabon ake aunawa ba, tudun da bam ya tayar ake bi, kuma an san tsayinsa shekara bayan shekara. Sharaɗi biyu ne. Dole a ciro idon cikin 'yan kwanaki kafin ya lalace, in ya wuce haka sai a koma ga farin ɓawon haƙori, wanda shi ma ba a sabunta shi. Kuma tudun yana da gefen hawa da gefen sauka, awo ɗaya zai iya nuna shekara biyu, ɗaya kafin 1963 ɗaya bayanta. Ana warware wannan da gwada haƙora biyu da ba lokaci ɗaya suke ginuwa ba: in na baya ya fi kabon-14, a gefen hawa aka haifi mutumin, in ya gaza, a gefen sauka.